Neman shaidar aiki a LinkedIn: roƙo ne ko haƙƙi?

Ƴar Birni: Assalamu alaikum ƴan zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema, don Allah kada a mai da ita abin dariya. Shekara huɗu na yi ina aiki da wata ƙungiyar agaji, a furojen yaƙi da tamowa cikin ƙauyukan Mirya da Magarya. Ni ke bin ma'aikatan sa-kai in tattara lissafin yaran da aka auna, in haɗa rahoton wata. Tun da Amurka ta tsai da kuɗin tallafi a Janairun 2025 furojen ya shiga tangal-tangal, daga baya aka sallame mu. Atestasiyo kam an ba ni, amma layi uku ce: sunana, ranar shiga, ranar fita. Wata ƙawata a Yamai ta ce in gyara shafina na LinkedIn, dandalin nan na intanet na ma'aikata da masu neman aiki, in nemi tsofaffin shugabannina su rubuta mini shaida a kai. To, a nan gizo ke saƙar. Sau uku ina buɗe sunan tsohon shef ɗina, in rubuta gaisuwa, in goge. Ji nake kamar na ɗauki ƙoƙo na tsaya ƙofar gidansa ina cewa a yabe ni, mu da muka tashi a kan cewa yabon kai jahilci. Yaya ake wannan tambaya ba tare da mutum ya zubar da girmansa ba? Kuma ma tana da amfani a ƙasar nan, ko ƙona forfe ne kawai?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ƙona forfe ne. Nan PAC ke aiki, dangi da abokai da sanayya. Wa kika taɓa ji ya sami aiki a Damagaram don wani ya rubuta masa sakin layi a intanet? Da ɗan gari akan ci gari. Ki nemo kawun da ya san wani, ki huta.

Hajiyar Yamai: Ɗan Zango, kullum kai ne farkon shigowa da bakin tsiya. Ƴar Birni, ɗiyata, saurara. Shekaruna da dama ina zama cikin kwamitin tantance dosiye a wata ƙungiya, don haka abin da idona ya gani zan faɗa. Gaskiya ne ba wanda muka taɓa ɗauka saboda shaidar LinkedIn kaɗai. Amma ki gane yadda aikin ke tafiya. Gurbi ɗaya, dosiye tuli guda. Mu tace mu tace har a rage mutum biyar ko shida, duka masu lisans, duka sun ce sun iya tattara bayanai, CV ɗinsu kamar kwafin juna. A wannan gaɓar ce wani cikinmu kan buga sunan mutum a intanet. In ya tarar da shafi mai tsari, ga wani tsohon shugaba ya sa sunansa da fuskarsa ya ce yarinyar nan ta yi kaza da kaza a gabana, to ta shiga gaba a zukatanmu tun kafin ranar ganawa. Kuma Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Wanda ke Dakar ko Nairobi yana duba takardarki bai san kawunki ba, bai ma san ina Birni take ba.

Ɗan Zango: Hajiya, ranki ya daɗe, ai kin faɗa da bakinki: ba wanda kuka taɓa ɗauka saboda ita.

Hajiyar Yamai: Ba wanda kuma aka taɓa aura wa mata saboda sabuwar hula, amma ban ga ka je zance da kai tsirara ba.

Ɗan Gure: Hajiya ta gama da shi. A kawo ruwa a yayyafa masa.

Mushen Lise: Bari in warware wani abu da ake cakuɗawa, don na ga ɗalibaina na da suna rikita su. Abu biyu ne a LinkedIn. Akwai tabbatar da ƙwarewa, wanda aka shigo da shi a 2012: mutum ya danna maɓalli ɗaya kawai ya ce ka iya Excel, ko da bai taɓa ganinka gaban kwamfuta ba. Wannan ba ta da nauyi. Sannan akwai rubutacciyar shaida, ita ce ake magana a kai. Ba mai iya rubuta miki ita sai wanda kuka riga kuka haɗu a dandalin, wato ɗaya ya aika gayyata ɗaya ya karɓa. Ki shiga shafinsa, ki danna "Plus", ki zaɓi "Demander une recommandation". Zai tambaye ki alaƙarku, shi ne shugabanki ko tare kuka yi aiki, da kuma wane muƙami kike riƙe da shi a lokacin. In ya rubuta, wurinki take fara zuwa. Ke za ki ce a nuna ta, ko a bar ta a ɓoye, ko ki roƙe shi ya gyara. Kyauta ne, ba sai da biyan kuɗin wata ba. Iyakarta harafi 3000, amma ba wanda ke son mai tsawon haka.

Ƴar Birni: Na gode Mushe. Maɓallin na gane shi tun tuni. Hannun da zai danna shi ne ya ƙi.

Malamin Garin Malam: Ɗiyata, kin haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, shi ya sa zuciyarki ta yi nauyi. Yabo daban, shaida daban. Maroƙi yabo yake yi, ya ce kai ne giwa kai ne toron giwa, a ba shi kuɗi ya wuce gidan gaba ya faɗa wa wani haka. Shaida kuwa ita ce mutum ya faɗi abin da idonsa ya gani. Neman shaida ba abin kunya ba ne a addini ko a al'ada. Almajirin da ya sauke littafi a gaban malaminsa ijaza yake nema, malamin ya rubuta cewa wane ya karanta kaza a wurina, na yarje masa ya karantar. Wa ya taɓa kiran wannan bara? Annabi Yusuf, alaihis salam, da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya ambaci cewa shi mai tsarewa ne, masani. A Suratul Ƙasas kuma ɗiyar dattijon Madyana ce ta shaidi Annabi Musa gaban mahaifinta da ƙarfi da amana, aka ɗauke shi aiki. Abin tsoron yana wajen mai rubutawa, domin shaidar zur tana cikin manyan zunubai da aka ambata tare da shirka da saɓa wa iyaye. Saboda haka ki nemi wanda ya ga aikinki da idonsa, kada ki ɗora wa wanda bai sani ba nauyin da zai kai shi ga ƙarya.

Jikan Fatake: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ai garin nan ma a kan haka ya ginu. Kakana ya sha ba mu labarin zamanin da ayari ke sauka a Zango daga Agadas, wani ya wuce Kano. Baƙo ba ya samun kaya bashi sai maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa, ya ce na san shi, in ya ci ku zo wurina. Har gobe a Kasuwar Dole in yaro zai karɓi kaya wurin babban ɗan kasuwa sai wani ya lamunce shi. Bambancin kawai, wancan da baki ne kuma a cikin gari yake tsayawa. Wannan a rubuce yake, duniya na gani.

Ɗan Zango: To ai shi ne PAC ɗin da na faɗa, kun sa masa riga da wando.

Jikan Fatake: A'a. Mai tsaya wa baƙo yana sa wuyansa, in baƙon ya gudu shi ke biya. Kawun da ya cusa ka aiki ba ya biyan komai in ka lalata.

Uwar Biyu: Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne mu mata. Namiji zai iya kiran tsohon shugabansa ƙarfe goman dare su yi hira su yi dariya. Ni in na rubuta wa namiji saƙo a keɓe na ce ya faɗi alherina, wani shugaban ya ɗauka ƙofa ce aka buɗe masa. Ya taɓa faruwa da ni a wani biro da na yi istaj. Na nemi takarda, sai ya ce in zo gida da yamma mu tattauna. Ban je ba, takardar ma ban samu ba, na bar shi da Allah. Sannan ga gida. Maigidana mutumin kirki ne, amma ranar da ya ga wani namiji ya rubuta a ƙarƙashin hotona cewa yana jin daɗin aiki da ni, sai da na yi bayani har bayan isha'i.

Hajiyar Yamai: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Uwar Biyu, ba zan rufe ta ba. Abin da nake gaya wa ƴan matan da ke ƙarƙashina: saƙon ya zama irin wanda ko a gaban mahaifinki aka karanta ba za ki sunkuyar da kai ba. Da rana, gajere, a kan aiki. Ki ce masa shaidar ta tsaya kan abin da kika yi, ba halin zamanki da fara'arki ba. In ya zo da "jin daɗin aiki da ke" kina da damar ki ce ya gyara, ko ki ƙi nuna ta. Wanda kuma ya ce ki zo gida, kin riga kin san darajar shaidarsa. Kada ku manta da mata ƴan uwanku. Madam ɗin likita ta CSI, wato ƙaramin asibiti, da kuka yi shekara kuna auna yara tare, shaidarta ta fi ta babban direktan da bai taɓa taka ƙauyen ba.

Ƴar Birni: Shef ɗina dai dattijo ne, ba wannan matsalar. Sa'an babana ne, Baba ma nake ce masa. Shi ya sa kunyar ta fi yawa.

Injiniya: Ni kuma ta ɗaya ɓangaren zan zo. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 yaran garin nan da yawa suka karkata ga karatun mai da lantarki da kanikanci, ga kuma Jami'ar André Salifou tana yaye ɗalibai duk shekara. Kowa na neman abin da zai bambanta shi. Sakamakon haka saƙonni na zuwa mini daga yaran da ban taɓa gani ba: "Babban yaya, a taimaka mini da rekomandasiyo." Ko sallama babu. Wani ma jiya muka haɗu a dandalin, yau yana so in shaide shi. In ce me? In ce hotonsa ya yi kyau?

Malamin Garin Malam: An ruwaito cewa wani ya zo zai shaidi mutum a gaban Sayyidina Umar. Ya tambaye shi: maƙwabcinka ne? Kun yi tafiya tare? Kun yi hulɗar kuɗi? Duka ya ce a'a. Sai ya ce masa ashe ba ka san shi ba. Injiniya, ka riƙe waɗannan tambayoyin uku.

Injiniya: Na riƙe, Malam. Amma ƙin ma da wuya. Ɗan maƙwabcinmu ne a Sabon Gari, uwarsa na gaisawa da tawa. Ya yi wata uku ƙarƙashina, kullum sai rana ta take yake zuwa. Ya nemi in rubuta masa. In na ƙi, gaba ta shiga gida biyu. In na rubuta ƙarya, sunana ne a kai.

Mushen Lise: Me ka yi?

Injiniya: Na rubuta abin da ke gaskiya kaɗai. Yaron ya iya karanta zanen wayoyin lantarki fiye da sa'o'insa, wannan na faɗa, da misali. Zuwa aiki kan lokaci ban ambata ba. Na kuma kira shi gefe na gaya masa dalili.

Hajiyar Yamai: Ka yi daidai, kuma mu masu karantawa muna jin shirun. In shaida ta yabi kaifin basira ta yi gum a kan riƙon amana da lokaci, mun san abin da za mu tambaya in mun kira waya. Domin kada ku ɗauka ta LinkedIn tana maye gurbin mutum biyu ko uku da ake cewa ka sa lambarsu a ƙarshen CV. Waɗannan sai mun kira su. Ta intanet share fage ce.

Bafillatanin Tanut: Ni in Ɗan Gure ya nemi shaidata zan rubuta gaskiya tsantsa: Babarbare ne, bawana ne, ya iya cin tuwo kwano biyu ba ya gumi.

Ɗan Gure: Ji mai bin shanu! Kai ina ka ga rezo a daji har ka san LinkedIn? Ka fara biyan kuɗin nonon da ka tsinka da ruwa.

Mai Unguwar Zaure: Taubasai, a kai wasan can gefe, yarinya na jiran amsa.

Kwantabul: Akwai wata al'ada da ta yi yawa, ina so a yi magana a kanta. Ka nemi shaida, shugaba ya ce ba ni da lokaci, rubuto in sa. Ni an yi mini haka. Na zauna ina yabon kaina da bakin wani, wallahi kamar mai yi wa kansa kirari a madubi. Ƙarshe na ba ChatGPT ya rubuta, na aika, ya manna ba tare da ya canza ko waƙafi ba. Bayan wata biyu na ga ta abokin aikina, shi ma daga shugaban nan. Kalma ɗaya, jimla ɗaya: mai himma, mai tsantseni, mai son aiki tare da jama'a, duk ƙungiyar da ta same shi ta yi sa'a. Suna kawai aka canza.

Hajiyar Yamai: Irin waɗannan ko layi biyu ba na kaiwa nake wucewa. Kowa mai himma ne a LinkedIn, har wanda aka kora don barci.

Mushen Lise: Ni ban ga laifi ba a taimaka wa mai rubutu. Mutum ya shugabanci ma'aikata talatin, shekara biyu ta wuce, ba zai tuna komai ba. Amma tunatarwa za ka ba shi, ba gamammen rubutu ba. Ka ce Baba, ka tuna lokacin kaza da muka yi kaza? Shi ya zuba da kalmominsa. Ko Faransancinsa da ɗan karkata, ya fi santsin na'ura.

Kwantabul: In kuma ya nace sai ka rubuto?

Mushen Lise: Ka rubuta abin da ka san zai iya rantsuwa a kai, ka ce ya karanta ya cire abin da bai yarda da shi ba. In bai karanta ba, nauyin ya koma wuyansa.

Malamin Garin Malam: Ya koma wuyanku ku biyu, Mushe.

Ɗan Gure: Tambaya ta gaskiya yanzu, ba wasa ba. Da wane harshe? Kundin mulkin Nijar da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Me zai hana a rubuta da Hausa?

Hajiyar Yamai: Ba abin da zai hana, akwatin rubutun ba ya ƙin kowane harshe. Amma ka tambayi kanka wa zai karanta. In ƙungiyoyin nan gida da na Yamai kake hari, Faransanci. In kana leƙen Kano ko Abuja, ko aikin da ake yi daga nesa, ka nemi ko guda ɗaya da Ingilishi.

Jikan Fatake: Ni da Hausa na sa aka yi mini. Jakunkuna da takalman fata na dukawan Birni nake kaiwa Kano, wani abokin cinikina na can ya rubuta cewa shekara shida muna hulɗa kaya bai taɓa zuwa da ragi ba. Wanda nake so ya karanta Bahaushe ne, me ya kai ni Faransa?

Ɗan Zango: To na ji. Amma ku faɗa wa yarinya ɗaya gaskiyar: dandalin cike yake da ƴan damfara. Ƙanena ya gyara shafi tsaf, sai ga wani wai mai ɗaukar ma'aikata na kamfanin haƙar ma'adinai, ya ce a aika jika goma sha biyar kuɗin dosiye. Ya aika. Har yau ana duba dosiyen.

Hajiyar Yamai: A nan kam na bi ka. Duk wanda ya ce ka biya kafin a duba takardarka ɓarawo ne. Kuma kada ku sa hoton difilom ko katin ɗan ƙasa a shafi.

Ƴar Birni: Hajiya, don Allah ki rubuta mini yadda ke za ki so a tambaye ki. In na ga misali wataƙila hannuna ya saki.

Hajiyar Yamai: Farko kada ki fara da maɓallin. Saƙon da dandalin ke cikewa da kansa sanyi gare shi kamar takardar sammaci. Dattijo ne, ki kira shi, ki gaishe shi, ki tambayi iyali, in yana gari ma ki taka ki je. Sai kin ji ya amsa da sakin fuska sannan ki aika. Ga kamar yadda zan so in gani:

"Baba, barka da yini, ya iyali? Kamar yadda na faɗa maka a waya, ina neman aikin bibiya da tantance ayyuka. In ba zai takura ka ba, ina so ka rubuta ƴan layuka a kan aikin da na yi ƙarƙashinka, musamman rahoton wata-wata da horon ma'aikatan sa-kai na Magarya. Abin da ka gani kawai, ko layi biyar ya isa. In lokaci bai ba ka ba, ko kana ganin ba kai ya dace ba, wallahi ba komai, girmanka na nan."

Jimlar ƙarshen nan kada ki cire ta. Ita ke ba shi ƙofar fita, ita ke raba ki da mai ƙoƙo. In mako biyu ya wuce shiru, ki tuna masa sau ɗaya. In ya sake shiru, amsa ce, ki bar shi. Kuma kada ki aika wa mutum goma rana ɗaya. Uku masu kyau daga kusurwa dabam-dabam sun isa: wanda ya shugabance ki, wanda kuka yi kafaɗa da kafaɗa, da wanda ke kika horar ko abokin hulɗa na waje.

Uwar Biyu: Na kwafe wannan, Hajiya. Allah ya biya ki.

Injiniya: Ƙari ɗaya: lokacin da ya fi shi ne satin da furoje ke rufewa, kowa na tuna komai, zukata na da taushi. Mu kan bari sai yunwa ta zo.

Kwantabul: A guji kuma biki. Ka rubuta mini yau in rubuta maka gobe, kwanan wata na jere, kowa na gani. Duk wanda ya duba ya san bashi aka biya.

Bafillatanin Tanut: To ina laifi in duka biyun gaskiya suka faɗa?

Kwantabul: Laifi babu, nauyi ne ke raguwa.

Ƴar Birni: Wani abu ya faɗo mini. Wanda ya fi kowa sanin aikina direbanmu ne. Shi ya ga daminar da mota ta kafe a laka bayan Magarya, na ɗauki rajistoci a ka muka taka har ƙauyen don kada ranar awo ta wuce. Shi ba ya da LinkedIn, karatun allo ya yi. Da matan sa-kai da na koya wa amfani da igiyar auna damtse. Su ne shaiduna na gaskiya, kuma ba ɗaya da zai iya rubutawa a can.

Mushen Lise: Wannan ita ce tawayar abin. Dandalin an gina shi a Amurka a 2003 don ma'aikatan ofis, masu rajista sun haura biliyan ɗaya. Amma wanda bai da boko da forfe ba shi da murya a ciki, ko da shi ne ya fi kowa gani.

Hajiyar Yamai: Ki ba Baba labarin rajistocin cikin tunatarwarki. Ya san da shi?

Ƴar Birni: Ya sani, har faɗa ya yi mini a kan na jefa kaina cikin haɗari.

Hajiyar Yamai: To shi ne abin da nake so in karanta, ba "mai himma" ba.

Ɗan Gure: Kuran ya tafi a unguwarmu, batir saura kaɗan. Ƴar Birni, ki kira shi yau, gobe sai ki ce gobe.

Ƴar Birni: Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana huɗu. Na kira Baba ranar Juma'a bayan an sauko. Ina ta kewaye-kewaye, sai ya ce ɗiyata faɗi abin da ya kawo ki. Da na faɗa, dariya ya yi, ya ce me ya hana ki tun bara? Daren jiya ta iso. Layi bakwai ce. Ya ambaci rajistocin, ya ambaci cewa sau biyu na kama kuskuren lissafi kafin rahoto ya tafi Yamai. Har ya rubuta cewa ina da taurin kai in na ga lamba ba daidai ba. Na so in ce ya cire wannan, sai na bari.

Hajiyar Yamai: Kada ki taɓa shi. Layin nan ya fi sauran shida.

Ɗan Zango: Barka. In aiki ya zo ta nan, ni zan sayi ragon walima a gaban kowa.

Bafillatanin Tanut: An shaida. Ragon a wurina za ka saya.

Ƴar Birni: Amma ga sabuwa. Ashe shi ma Baba tun rufe furojen yana gida, shekararsa ta ja, ga ƴaƴa a jami'a. A ƙarshen saƙonsa ya ce, cikin jin nauyi, ko zan iya rubuta masa ƴan kalmomi a matsayin wadda ta yi aiki ƙarƙashinsa. Na ga alama shi ma ya sha rubutawa yana gogewa. Kwantabul, ka ce a guji biki. Yanzu yaya zan yi?

Kwantabul: Kai. Ban yi zaton za a kawo mini ita ta wannan ƙofar ba. Ki jira wata ɗaya kwanakin su rabu?

Malamin Garin Malam: Kun yi tafiya tare?

Ƴar Birni: Shekara huɗu, Malam. Rani da damina.

Malamin Garin Malam: Kun yi hulɗar kuɗi?

Ƴar Birni: Kuɗin guzurinmu ta hannunsa yake bi, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Akwai watan da albashi ya makara, daga aljihunsa ya ba direba.

Malamin Garin Malam: To me ake jira da wata ɗaya?

Ƴar Birni: Na buɗe shafinsa. Mushe, a wajen alaƙa wanne zan zaɓa, tunda ni ce ƙarƙashinsa?